Idan kwana ya kama mutumin Kwargaba a Sakkwato

A da, mutumin Kwargaba ta ƙasar Wurno ba ya shirin kwana idan zai shiga Sakkwato. Ka yi sallar asuba, ka fito bakin hanya, ka bi ta Achida, kafin rana ta yi zafi kana cikin birni. Ka gama abin da ya kai ka, ko ka kai bayan isha'i za ka samu motar da za ta mayar da kai gida. Mutanen Rabah haka, na Goronyo ma haka, duk da tasu tafiyar ta fi tsawo. Yanzu kuwa da an yi la'asar sai ka ga mutum ya fara duba agogo. In likita bai gan ka da wuri ba, in jami'in da ka zo nema ya ce a dawo gobe, in an sa wa yaronka jarrabawar JAMB da sassafe, to kwana ya kama ka. Ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin dalili. Wanda ya ga mutanen Tabanni sun kwararo Gandi bayan harin 'yan bindiga a watan Yulin 2018, ko ya ji abin da ya faru a kasuwar Goronyo ranar 17 ga Oktoban 2021, inda aka kashe mutum sama da 40, ba zai yi wasa da tafiyar dare ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

To, a ina za a kwana?

Amsar da muka gada ita ce gidan ɗan'uwa. Wani kawuna da ke zaune a birni, ranar da ya ji na kama ɗaki, sai da ya kira ni a waya yana faɗa: "Kai yaro, mi ya kai ka otal? Mun mutu ne? Ko gidan namu ya yi maka kaɗan?" Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba haka ba ne." Na san har zuciyarsa yake faɗi. Na kuma san gidan. Ɗaki biyu ne da falo na haya, a ciki akwai shi da iyalinsa, da ɗiyan ƙanensa da aka kawo karatu, da wata gwaggo da ta baro ƙauye da jikokinta tun da aka tashe su, ba ta koma ba. In na je, za a tashi yara daga katifarsu a shimfiɗa mini. Uwargida za ta ƙara ruwa a miya, ta aika a ciyo bashin taliya a shago don kada a ce an bai wa baƙo tuwon jiya. Ba za su taɓa nuna mini a fuska ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Gidaje irin wannan suna nan birjik a Mabera, da Arkilla, da Gidan Igwai, da Runjin Sambo, masu su 'yan albashi ne da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ba su sake ganin wata ya kai musu ƙarshe da kuɗi a aljihu ba.

Addini ya ba baƙo haƙƙin liyafa ta kwana uku, abin da ya wuce nan sadaka ce. Malamai sun kuma ja kunnen baƙon da kada ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida, sai dai wannan rabin ba mu cika karanta shi ba. Jinyar mara lafiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta san kwana uku ba. Tana iya cin mako biyu, tana iya cin wata, kuma ba mutum ɗaya ke zuwa ba.

Duk da haka, ka ce wa dattijo a Wurno ka kwana a otal, sai ya yi maka wani irin kallo. A kunnensa, otal wurin giya ne da mata masu zaman kansu. Ban ce bai da hujja ba, don an yi zamanin da yawancin wuraren da ke ɗauke da wannan suna a garuruwanmu haka suke, kuma har gobe akwai irinsu. Manyan kuwa, irin su Giginya da Shukura, a wurinsa na gwamnati ne da baƙinta da masu taron bita. Abin da bai lura ba shi ne wani rukuni ya taso a tsakani, gidajen sauke baƙi masu matsakaicin kuɗi, inda za ka tarar da malamin makaranta da ya zo tantancewa, da dillalin albasa da ke jiran kuɗinsa su shigo, da maniyyacin da aka ɗage wa jirgi, da mai jinya da ya zo ya ɗan runtsa. Ba holewa ta kawo ko ɗayansu ba.

Bari in kwatanta wa wanda bai taɓa shiga ba. Za ka tarar da saurayi a bayan kanta da babban littafi, ya karɓi katin shaidarka, ya rubuta suna da lambar waya da inda ka fito. Tambayarsa ta farko: "Alhaji, mai AC ko mai fanka?" Kada ka yi saurin amsawa. Tambaye shi tukuna ƙarfe nawa ake tada janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma in an tada yana ɗaukar AC ɗin ko fitila da fanka kawai yake ja. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, wanda ya biya kuɗin sanyi aka kashe masa inji ƙarfe ɗaya na dare ya sayi tanda ne da kuɗinsa. Sannan ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka biya. Wurin kirki ba ya jin haushin wannan.

Da ka shiga, wuce gado ka nufi banɗaki ka murɗa famfo. Babban bokiti cike da ruwa da moɗa a ciki saƙo ne, yana gaya maka shawar da ke sama ado ce. (Abin dariya, ruwan da birnin ke sha yana biyo gulbin Rima ne daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa mai yawan kubik mita miliyan 942. Sai ga ɗan Goronyo a Sakkwato yana roƙon a hawo masa da bokiti guda.) Daga nan ɗaga matashin kai, ja zanen gado ka duba bakin katifa, nan kuɗin cizo ke ɓuya. Duba ragar taga ko sauro ya samu ƙofa. Gwada sakatar ciki. In ka ga buta mai tsabta, da darduma a naɗe, da 'yar kibiya a silin tana nuna alƙibla, to mai wurin ya san su wa yake saukewa. Ni waɗannan sun fi mini talabijin mai tashoshi ɗari da ba wanda ya zo kallo. Na taɓa sauka wani wuri mai fitilu kala-kala a ƙofa da kujerun alfarma a zaure, amma tawul ɗin da aka ba ni sai da na riƙe shi da yatsa biyu. Na kuma sauka wani da fentinsa duk ya koɗe, amma zanen gado na ƙanshin sabulu da rana, mai gadi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa lokacin asuba don na roƙe shi, ya kuma nuna mini masallaci da mai shayin da ke buɗewa da wuri. Kuɗinsu kusan ɗaya.

Abin da mutum ke saya a irin wannan wuri, in an bi ta ƙasa, shi ne sauke nauyi. Ka shigo lokacin da ka ga dama ba ka tashi kowa ba. Ka ci abin da aljihunka ya iya. Ka yi waya da gida kan maganar kuɗin magani ba tare da kunnen surukai ba. Da safe ka miƙa makulli, ba ka bin kowa, ba mai bin ka. Wanda bai taɓa kwana a falon mutane yana danne tari don kada ya tashi jariri ba, ba zai gane darajar wannan ba.

Amma akwai abin da otal ba ya sayarwa, kuma kakanninmu sun fi mu saninsa. A tsarin fatauci na da, baƙo ba ɗaki kawai yake nema ba, mutum yake nema. Fatoma shi ke sauke falke, ya ajiye masa kaya, ya ɗaure masa dabbobi, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya yi masa tafinta in ƙasar ba ta jin Hausa. Ba ya karɓar kuɗin kwana, la'adarsa na cikin cinikin. Da wannan tsari aka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, da shi zangon Kumasi ya tsaya, da shi unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru. Masu kai albasa da tafarnuwarmu kudu har yanzu kowa ya san mai masaukinsa. Baƙon sarauta ma haka. Da Bature matafiyi Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello hannun Waziri Giɗaɗo ya damƙa shi. Da wani Baturen, Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya zo a 1853, a Gawasu ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka sauke shi a Wurno ya yi kusan wata guda. Wurnon nan tamu, ribaɗin da Bello ya gina kuma aka binne shi a ciki a 1837, a lokacin ita ce mazaunin sarki, baƙin duniya nan suke sauka. A duk waɗannan, baƙo yana da wanda zai amsa sunansa in wani abu ya taso. Saurayin da ke bayan kanta ba zai raka ka wurin likita ba, ba zai ce "na san shi" a ofishin 'yan sanda ba. Lambar ɗakinka kawai ya sani, ita ma zuwa sha biyun rana.

Shi ya sa labarin Sarayebo, babban birnin Bosniya a yankin Balkan, ya tsaya mini a rai tun da na karanta shi. A zamanin mulkin Turkawa, gwamnan ƙasar, Gazi Husrev-beg, wanda ya rasu a 1541, ya kafa waƙafi. Ya gina masallaci a 1531, makaranta a 1537, da gidan dafa abincin sadaka, da masaukin da matafiyi ke kwana uku kyauta. Abin da ya burge ni shi ne inda kuɗin ke fitowa. Waƙafin na da shaguna da masaukan fatake na biya, kuma hayar waɗannan ita ke riƙe da na kyauta. Attajirin da ya biya kuɗin ɗaki da na turken dokinsa, shi ya ciyar da talakan da ke kwana a can gefe, ba tare da ɗayansu ya ji nauyin ɗaya ba. Ɗaya daga cikin masaukan, Tashlihan, an gina shi a 1543, gobara ta cinye shi a 1879, kuma yau kufansa na jingine da Hotel Europe da aka buɗe a 1882 bayan Ostiriya ta karɓi ƙasar. Wani kuma, Morica Han, yana nan tsaye a tsohuwar kasuwa, har yanzu mallakar waƙafin ne. Shekara kusan ɗari biyar ke nan.

Mu da muke jikokin masu ribaɗi, wannan bai kamata ya zama mana baƙon abu ba. Jihar Sakkwato na da Hukumar Zakka da Waƙafi. Muna da attajirai 'yan Wurno da Rabah da Goronyo waɗanda kowace shekara ke neman inda za su zuba sadaka mai gudana, kuma kusan kullum masallaci ake ƙarawa a unguwar da ta riga ta samu uku. Ban raina gina masallaci ba, Allah Ya ba da lada. Amma a ce wani ya gina gida mai ɗaki ashirin kusa da asibiti, goma na haya a farashin da ma'aikaci zai iya, da ruwa da sola da tsabta, goma kuma na masu jinya daga ƙauye, kuɗin waɗancan na riƙe waɗannan. A ware ɓangaren mata da ƙofarsa daban da dattijuwa mai kula da shi, don su ne suka fi shan wuya a wannan lamari. Namiji in ta ƙure ya kwana a masallaci ko a tasha. Matar da ta kawo ɗanta daga Kwargaba, mijinta na can yana neman kuɗin allura, ba za ta iya tunkarar kantar otal ita kaɗai ba, ko tana da kuɗin, saboda bakin mutane. Sai ka gan ta a barandar asibiti ta shimfiɗa zani, cikin hunturu, da jariri a goye.

Na san abin da za a ce: wa zai riƙe? An ga gine-ginen jama'a da suka zama kango cikin shekara biyar saboda na kowa ne. Gaskiya ne, kuma amsar na cikin takardar waƙafin tun ranar farko. A rubuta wanda zai kula, da albashinsa daga kuɗin haya, da kason da za a ware wa gyara kafin a taɓa komai, da wanda zai duba littafin kuɗi duk shekara, da yawan kwanan da mai jinya zai yi kafin a sake duba lamarinsa. A kuma sa dattijo ɗan yankinmu a ƙofa, wanda in an ce "ɗan gidan wane ne daga Dinawa" zai gane, ya san wane likita ke zama ranar Talata, ya san direban da zai tashi da sassafe. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu da ke Sakkwato ba sai sun jira gini ba ma. Hayar gida ɗaya ta shekara ba ta kai abin da ake kashewa a walimar naɗin sarauta guda ba.