SANDUNAN KAWU

Na san wannan makon ci gaban littafinmu kuke jira, to ku yi mini haƙuri, akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, na ga gara in amayar da ita ko na samu in yi barci. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, a gidanmu ya faru, kuma da hannuna a ciki.

Kawuna, wato yayan mahaifiyata, maharbi ne na gado. Yana zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Ɓaure, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, dab da iyakar Nijar. A hannunsa na yi wayo, shi ya nuna mini yadda ake ɗaura burtu a goshi a riƙa rarrafe ana sunkuyar da kai har a shiga tsakiyar zabin daji ba su ankara ba. Shi ya nuna mini kwankwani, tsiron da mutanen da suke haɗa dafin kibiya da shi. Amma abin da ya fi suna a kai shi ne kwanto a kan bishiya. Da rani, lokacin da gawo ke cike da ganye yana zubar da 'ya'ya, sai Kawu ya haye tun kafin assalatu ya lafe a reshe da 'yar adakarsa, yana jiran gada ko barewa ta zo kiwo a gindi. In kuka ce kuwa, turakun marke yake feƙewa ya riƙa kafawa a jikinta ɗaya bayan ɗaya yana takawa har ƙoli.

To shekaru sun ja, gwiwa ta fara gardama. A shekarar 2022 ɗansa na biyu, wanda ke tuƙin babbar mota a Amurka, ya aiko masa da tsaraba ta hannun wani ɗan garinmu. Da aka kwance sai ga wasu baƙaƙen sanduna guda huɗu, kowace ba ta wuce kamu biyu ba, da mataki sama da ƙasa, da wasu haƙora a baya masu cizon jikin bishiya, da ɗamarar ɗaurewa. Na ɗauki ɗaya na ji sakayau kamar karan dawa. Kawu ya juya ta ya sake juyawa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ƙarfe ne ko roba?"

Ba ƙarfe ba ce, ba kuma roba ba. Zaren kabon ake kiran abin. Wasu siraran zaruruwa ne da suka fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, ake jera dubbai a saƙa, a jiƙa da wani irin danƙo a gasa har ya daskare. Tun wajajen 1960 masana a Ingila da Japan suka gano hanyar yin sa da ƙwari, yau har jikin jirgin sama ake yi da shi, irin su Boeing 787. Maharban barewa na Amurka su ma kwanto suke yi a kan bishiya, da waɗannan sanduna suke hawa, a ɗaura ɗaya a taka, a ɗaura ta gaba, har a kai inda ake so.

Matsalar ita ce an yi su ne don bishiyoyin can, siraran nan dogaye. Gawon Kawu kuwa mutum biyu ba sa rungume shi, ɗamarar ko rabi ba ta zagaya ba. Sannan da muka auna, sanduna huɗun ba za su kai shi reshen farko ba, akwai sauran kamar tsawon mutum. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Malam marubuci, kai ne ka yi boko. Ka tafi da su Daura a ƙara musu tsawo."

A nan laifina ya fara. Akwai 'yar takarda da ta zo cikin kwalin, na kuma karanta ta da ɗan Turancina na sakandare. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a huda, kada a yanke, kada a sauya komai a jikinsu, kuma kada a hau sai da ɗamarar tsaro a ƙugu. Na ce a raina ai tsoron Bature ne, shi da ko ruwan zafi sai ya rubuta wa gargaɗi. Ga shi kuma na daɗe ban ga Kawu cikin irin wannan farin ciki ba, sai na ninke takardar na jefa aljihu, ban ce masa uffan ba.

Na fara kai su wurin wani mai walda. Ya kanga wuta a gefen ɗaya, sai wani hayaƙi mai wari ya tashi, ya yi maza ya janye, ya ce, "Yallaɓai wannan ba ya cin walda, sai dai mu huda mu ɗaura da noti." Na ce a yi. Ya yanko rodi guda biyu ya lanƙwasa musu mataki, ya huda sanduna biyu, huda bibbiyu. Baƙar ƙura ta riƙa tashi tana shiga mana hanci, hannuna ya kwana yana ƙaiƙayi. Da ya zo ɗaure noti na ƙarshe ya danna sifana da ƙarfi, na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen ganye. Muka duba ba mu ga tsaga ba. Na biya shi, ranar Lahadi na biya ta kasuwar Mai'aduwa na sayo igiya mai kauri, na kai wa Kawu kayansa. Har da sa mini albarka.

Sati uku yana hawa lafiya lau. Ranar wata Alhamis cikin tsananin hunturu, ina shirin fita sai waya ta shigo, muryar Inna na ji tana rawa: "Maza ka taho, kawunka ya faɗo." Wasu yara masu kiwo ne suka tsince shi da hantsi a gindin gawo, ya fi awa uku a kwance cikin sanyi. Sandar ta uku ce ta karye, daidai kan hudar nan, ta tarwatse kamar rake da aka tauna. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka fara kai shi wurin mai ɗori, da abin ya ƙi muka wuce asibiti, aka yi wata biyu ana jinya, raguna biyu da buhunan gero suka tafi.

Sai daga baya ɗansa ya yi mini bayani ta waya, yana magana yana kuka. Ya ce ƙarfin abin duk a jikin zaren yake, muddin zaren na nan a miƙe ba a katse ba zai ɗauki ƙaton mutum. Da ka huda, ka yanke zaruruwan wurin, in kuma ka matse da noti sai shimfiɗun cikin su rabu da juna, daga waje ba ka ganin komai. Ya ce su ma can maharba suna yi wa sandunan gyare-gyare, amma iyakarsu su sauya ɗamara da doguwar igiya, su rataya matakin igiya a ƙasa don ƙarin tsawo, su naɗe jiki da ƙyalle don kada ya yi ƙara. Wato abin da muke nema, da igiyar da na sayo a Mai'aduwa kaɗai ta ishe mu. Ya ƙara da cewa faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata maharba a Amurka, shi ya sa ba sa wasa da ɗamarar ƙugu. Garin gyaran gira mun rasa ido ke nan.

Na yi kwanaki ina kai-kawo a bakin ɗakin da yake kwance. Wani dare da ya rage daga ni sai shi, na durƙusa na fito da takardar nan da ta yi laushi a aljihu, na ce, "Kawu, na karanta, an hana a huda. Na sani, na ɓoye maka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon rufi. Ya ce, "Tashi, ɗan nan. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da ka faɗa ma da wuya in ji." Ya nisa ya ce, "Abin da ya ba ni haushi, turken marke in zai karye sai ya yi kuka, ƙarfe in ya gaji sai ya lanƙwashe ka gani. Wannan ko sallama bai yi mini ba."

Na ce to me ma yake nema a kan gawo da shekara saba'in, tunda 'ya'ya na aiko masa da na cefane? Sai ya yi 'yar dariya, ya ce rabonsa da ganin barewa a dajin nan ya fi shekara goma sha biyar, duk an nome, ko zomo sai an sha wuya. Adakar ma ba ya ɗura mata albarushi. Ya ce, "Hawa nake in zauna inda ubana ya zauna, in ga gari ya waye." Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Shekara da shekaru ina rubuta abin da ke zukatan mutanen da na ƙirƙira, ga Kawuna a gabana ban taɓa tambayarsa ba.

Yanzu da sanda yake tafiya, ya bar hawa har abada. Sanduna biyun da ba a huda ba suna hannun jikansa, da doguwar igiya yake ɗaura su yana kaɗo wa tumaki 'ya'yan gawo, kuma Kawu ba ya barinsa ya taka sai ya ga igiya a ƙugunsa. Na gargaɗe shi kada ya kusanci wayar lantarki da su, don zaren kabon yana ɗaukar wuta. Karyayyar kuwa tana nan a ɗakina, saman akwatin littattafai.

Don Allah duk wanda iyayensa suka miƙa wa takarda suka ce karanta mini, ya karanta duka, har da wurin da ba za su so ji ba. Ku sa Kawu a addu'a, Allah Ya ƙara masa lafiya, mu kuma Ya yafe mana kurakuranmu. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya a littafinmu.

Wassalam, naku a kullum, daga birnin Daura.