Bazarar Adar: abin da muka koyo a Tawa da Tabalak kan fata da tufa

Kun san a watan Afirilu ƙungiyoyinmu sun tura mu, mu shida, daga jihar Maraɗi zuwa Adar don musayar dubara da matan can. Rahoton lissafi da na bashi mun riga mun ba da shi a taro. Wannan takarda a kan wani abu ce da ba shi aka aike mu ba, amma muka dawo da shi: yadda mace ke kula da fatarta da tufarta a ƙasar da rana ba ta wasa, da yadda wannan ke taɓa akwatin asusu.

Mun tashi Maraɗi bayan sallar asuba. Muka wuce Gidan Rumji da Madawa, muka iske Galmi buhunan albasa jere a bakin hanya sai ka ce katanga, don lokacin cirarta ne. Bayan Malbaza, garin siminti, a Tsarnawa mota ta bar babbar hanyar Yamai ta miƙa arewa. Tun kafin Badagishiri ƙasa ta soma sakewa. Rairayin da muka saba da shi ya ja baya, sai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, duwatsu jajaye da baƙaƙe, da kwari a tsakaninsu. Iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar daga bakin tanda take. A Afirilu da Mayu zafin Tawa da rana yakan haura maki 40, kuma busasshen zafi ne: zufa na fita tana bushewa, leɓe na tsagewa, mutum bai ankara ba ruwan jikinsa ya ƙare.

Mu kuwa mun ci ado, don kada a raina Maraɗi. Wata leshi mai duwatsu, wata shadda da ta sha sitati, dukanmu da dogon hijabi na yadin roba mai santsi. Da muka sauka gidan shugabar ƙungiyar da ta karɓe mu, a unguwar Bilbis, ɗaya daga tsofaffin unguwannin da suka kafa garin, ta dube mu ta yi dariya. Ta ce, “Sannunku da tahiya. Amma ƙawaye, wanga hijabi naku ai leda na. Ku tuɓe shi ku sha iska tukun, in ba haka ba gobe ƙuraje za su gaishe ku.” Gaskiyarta. Washegari uku daga cikinmu sun tashi da ƙurajen zafi a wuya da ƙarƙashin nono.

Ita da matan gidanta zane ɗaya suke ɗaurawa na atamfa mai taushi wadda ta sha wanki, da riga mai faɗi wadda ba ta kama hammata, da mayafi marar nauyi na auduga. Suturarsu cikakka ce, ba abin da ya fito, amma iska na yawo tsakanin tufa da jiki. Nan muka fara gane cewa ba rufe jiki ke kawo zafi ba. Irin yadin da matsewar ɗinkin su ne matsalar.

Ranar Lahadi babbar kasuwar Tawa ke ci, aka kai mu. A rumfar masu yadi shugabar ta koya mana gwajin da ya kamata kowace mai sarin zane ta sani. Ki zare zare ɗaya daga bakin yadin, ki sa masa ashana. In auduga ce, zai ci wuta ya zama toka mai laushi, yana ƙauri irin na takarda. In roba ce, zai narke ya dunƙule ya yi tauri, yana warin leda. Mun gwada a yadi huɗu da aka ce mana auduga ne, biyu suka narke. Mai rumfar bai ji daɗi ba, amma bai musa ba.

Daga nan muka shiga wajen masu kayan ƙoli da na gargajiya. Ga garin lalle, ga alimun da ake gogawa a hammata don warin zufa, ga ganyen magarya da ake dakawa a yi wanka da shi, ga sabulun salo, ga man shanu a ƙwarya, ga man kaɗanya. Kaɗanya ba ta fita a Adar, daga kudu ake kawo manta, ta wajen Gaya da Benin da Najeriya, shi ya sa yake da ɗan tsada. Abin da ƙasar ke da shi a yalwace shi ne aduwa. Wasu mata suna fasa ƙwallonta su ciro ƙwayar, su soya, su daka, su matse mai kamar yadda muke yi da gyaɗa. Suna shafa shi, suna kuma yin sabulu da shi.

A tsakiyar wannan kasuwa, rumfunan da suka fi cika da ƴan mata su ne na man shafawa mai sa fari. Kwalabe da bututu kala-kala, wasu da hoton karas, wasu da lemo, wasu an haɗa su a gida an zuba a roba ba ko suna. Adar ƙasar ƴan bida ce. Da an gama girbi maza da yawa sukan tafi Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya ko Kamaru, su dawo gab da damina. Matan sun ce mana tsarabar mai gida ba ta wuce zane da man shafawa, wani ma da bakinsa yake cewa yana son ya iske ta yi haske. Abin mamaki, ita Kodebuwa tun 2015 gwamnatinta ta hana irin waɗannan mayuka, amma ba su daina yawo a kasuwanninmu ba.

A nan ne maganar ta zo gida. Ƙaramar cikinmu, wadda ta yarda mu faɗa ba tare da suna ba, tun a mota take rufe fuska da gefen hijabi. Mun ɗauka kunya ce. Da muka yi awa biyu a rana cikin kasuwa, kumatunta suka yi jawur, suna mata zafi kamar an zuba barkono. Da dare ta faɗa mana gaskiya: shekara biyu ke nan tana shafa irin man nan, kuma bashin da ta ɗauka a asusu don sarin ƙuli-ƙuli, kusan rabinsa can ya tafi. Shi ya sa biyanta ke jinkiri. Ba mu yi mata faɗa ba, don kowace cikinmu ta san ƙanwa ko ɗiya ko kishiya da ke cikin wannan hali.

A ƙungiyar da ta karɓe mu akwai wata ungozoma da ke aiki a gidan likita. Ita ta zaunar da mu a tabarma ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce baƙin da ke jikin fatarmu ba datti ba ne, garkuwa ce da Allah ya yi mana, ita ke tare ƙunar rana. Man da ke sa fari aikinsa ya rage wannan garkuwa. Yawancinsu abu uku ake sa musu. Na farko haidirokinon, wanda in an daɗe ana shafawa ana shiga rana, yakan bar baƙin tabo a kumatu da goshi mai wuyar fita. Na biyu maganin kumburi mai ƙarfi, irin wanda likita ke rubutawa na ƴan kwanaki kawai. In aka mai da shi man kullum, fata na yin siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsaga cinya da hannu, ƙyasbi da ƙuraje su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, har yakan jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku sinadarin makuri, mai lalata ƙoda, mai kuma isa ga jinjiri a ciki ko ta nono. Ta ce wa ƴar uwarmu, “Ɗiyata, kada ki yanke shi dare guda ke kaɗai. Ki tahi likita da kwalbar a hannu, su gani, su gwada miki yadda za ki rage shi sannu-sannu.” Ta kuma ja kunnenmu kan abu biyu: baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yakan ƙone fata, sannan wani kwallin dutse yana da dalma, kada a sa wa jarirai.

Uwar shugabar, dattijuwa ce ƴar wajen Keita, tana jin mu daga bakin ɗaki. Tana cikin matan da suka yi aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka yi mafi yawan wannan aiki, suna ɗaukar dutse a ka, suna jera shi a gangare don tare ruwa, suna dasa itace, ana ba su abinci a madadin lada. Muka ce, “Inna, ku da kuka wuni cikin rana da dutse, me kuke shafawa?” Ta miƙo ƙafarta ta ce, “Ku duba, akwai faso? Da mun dawo, ruwa kaɗan a kwano, mu jiƙa ƙafa, mu goge kaushi da dutsi, mu shafa man shanu tun ƙafa na da danshi. Lalle kuma duk sati biyu, shi ka sanyaya tafin ƙafa. Malfa bisa kallabi. Iyakar ta ke nan.” Mun riƙe wannan: mai ana shafa shi ne jiki na da sauran ruwa, kuma da dare, ba da tsakar rana a fita da shi yana ƙyalli ba.

Kwana na uku muka kama hanyar Abalak da Agadas zuwa Tabalak, tafiyar kamar kilomita 50 daga Tawa. Bayan duwatsu da ƙaya, kwatsam sai ga tabki shimfiɗe a gefen hanya. A bazara ruwan ya ja baya ƙwarai, inda ya bari an yi lambuna, masunta na shanya kifi, raƙuma da shanu na sauka shan ruwa. Garin na Hausawa ne da Abzinawa da Fulani, kuma ƙungiyar da muka ziyarta ta haɗa su duka.

Matan Abzinawan da yawa baƙin mayafi suke yafawa, mai faɗi, a sake. Muka tambayi wata dattijuwa cikinsu ko baƙi ba ya ƙara mata zafi. Ta kama gefen mayafin ta girgiza shi, iska ta shiga ta fita, ta ce amsar ke nan. Sannan ta buɗe jakar fata ta nuno mana turkuɗinta na biki, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. A garin Kura kusa da Kano ake yin irinsa: ƙananan ƙyallaye ake ɗinkewa, a rina da shuni, a buga har ya yi walƙiya. Shunin yana zuba a goshi da wuya, kuma a wurinsu wannan shi ne kwalliya, suna cewa yana kare fata daga rana da iska. Muka yi shiru muna kallo. Ga mace tana biyan kuɗi mai yawa don fatarta ta ƙara duhu, mu kuma a garuruwanmu ana cin bashi don a kankare duhun. Ashe abin da ake kira kyau, kowane gari da nasa ma'auni.

A Tabalak mun lura da tsarin wuninsu. Ɗibar ruwa da aikin lambu tun da sassafe ne ko bayan la'asar. Daga hantsi ya yi zafi kowa na ƙarƙashin rumfa, ana saƙar tabarma da mafici na kaba. Randa na inuwa an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ana ta miƙa wa juna ruwa da fura ba sai an ji ƙishi ba. Kitso ma ƙanana suke yi masu kwanciya, ba a ƙara gashin roba mai nauyi da ke tara zufa a ka.

A hanyar dawowa ma'ajiyarmu ta ciro littafinta ta yi mana lissafi. A ce mace tana kashe jika 2 a wata kan man fari. A shekara jika 24 ke nan. Zubinmu na dala 50 duk sati, a sati 52 jika 13 ne. Ashe abin da ake shafewa ya kusa ninka abin da ake ajiyewa, ba a ma sa kuɗin likita na baya ba. Tun 1991 da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, manufar ita ce dalar mace ta tsaya a hannunta ta haifi wata. Kwalbar da ke ƙarewa duk wata ba ta haihuwa.

Ga abin da muke kawo wa ƙungiyoyi shawara, kowace ta tattauna a ranar zubinta. Masu sarin zane da hijabi su riƙa gwajin ashana, su nemo auduga don bazara, su gaya wa tela ya saki hammata. Ƙungiyar da ke da aduwa a dajinta ta tura mata biyu su koyo matsar mai da sabulu, matan Tawa sun ce ƙofarsu a buɗe take. Kada asusu ya ba da bashi don sarin man fari. Wadda kuma ta riga ta shiga, kada a yi da ita a bayan ido, a raka ta likita. Mu yi wa mazanmu da ƴaƴanmu masu zuwa bida magana tun kafin su tafi: in tsaraba ce, zane mai kyau ya ishe mu.

Ƴar uwarmu ta je likita sati guda bayan dawowarmu. An ce mata sai ta yi haƙuri, fatar za ta yi duhu kafin ta daidaita, kuma ta guji rana tsaka. Ƙungiyarta ta ƙara mata wata biyu a kan bashin. Ranar zubin da ya wuce ta zo da tiren ƙuli-ƙuli da mayafin auduga, ta biya kashi na farko.

Allah ya sauko da damina lafiya, ya sa albarka a asusunmu. Amin.