Sirdin kwalbar iska

Wannan mako zan ɗauke ku zuwa wani wasa na Amurka da Turai wanda da yawa daga cikinmu ba su san shi ba sai a talabijin, watau wasan harbin fenti, wanda masu shi ke kira fentibol. A cikin wasan duka, abin da ya daɗe yana sa ni tunani wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, wanda ke riƙe kwalbar iska a jikin bindigar. Ni na raɗa masa suna sirdi, domin aikinsa ke nan: shi ne ke tsakanin mahayi da abin da ya fi shi ƙarfi. Kowane ɗan wasa yana da iko ya canza sirdinsa yadda ya ga dama, amma akwai iyakar da in ya ƙetare ta rai ke salwanta, kuma a kan wannan iyaka nake so mu yi nazari.

Bari mu fara da asali. Bindigar fenti ba don wasa aka ƙera ta ba. Wani kamfanin fenti na Amurka mai suna Nelson ne ya sa aka yi ta domin ma'aikatan gandun daji su riƙa sa wa itatuwa shaida daga nesa, makiyaya kuma su shaida shanunsu. A watan Yuni na 1981, a dajin jihar Niyu Hamsha, mutum 12 suka ɗauki irin waɗannan bindigogi, samfurin Nel-Spot 007, suka yi gasa ta farko. Cikin waɗanda suka shirya ta akwai Charles Gaines da Hayes Noel da Bob Gurnsey, wanda ya ci kuwa wani ma'aikacin daji ne, Ritchie White, ya kuma ci ba tare da ya yi harbi ko sau ɗaya ba. Saboda wannan asali ne har yau ƴan wasan suka fi son kiran abin nasu mai sa shaida maimakon bindiga. Harsashinta ƙwallo ne mai taushi, faɗinsa wajen milimita 17, nauyinsa wajen giram 3, cike da ruwa mai launi, kuma ƙa'idar filayen wasa ita ce kada gudunsa ya wuce kimanin mita 90 a sakan guda.

Ba albarushi ke tura ƙwallon ba, iska ce matsattsiya. Bindigogin farko suna aiki da ƴar mitsitsiyar kwalba mai giram 12 na iskar kabon, irin wadda ake sa wa lemun kwalba. Tana shigewa cikin mariƙin bindiga, ba ta da nauyi, amma bayan harbi kaɗan ta ƙare. Cikin shekarun 1980 aka fara ɗaura manyan kwalabe masu jimiri, daga baya cikin shekarun 1990 iska zalla, irin wadda muke shaƙa amma an matse ta, ta fara maye gurbin kabon a wurin gasa. A yau kwalbar alminiyum mai cin kusan lita 0,8 tana ɗaukar bar 200, wadda aka naɗe da zaren kabon mai cin lita 1,1 kuma tana ɗaukar bar 300. Domin a gane girman lamarin: bar shi ne kusan abin da masu faci ke kira kilo, kuma tayar ƙaramar mota kilo biyu da ɗoriya ake hura mata. Ke nan ɗan wasa yana rungume a kafaɗarsa da ƙarfin da ya ninka na taya wajen sau ɗari ko fiye. Shi ya sa a bakin kowace kwalbar iska akwai wani kai mai rage ƙarfi, wanda ke sauko da shi zuwa wajen bar 55, a wasu ma wajen bar 30, kafin ya shiga bindiga.

To daga ranar da kwalba ta girma, sai tambaya ta taso: a ina za a ɗaura ta? Abu ne mai nauyin kilo guda ko fiye, ga tsawo. In an ɗaura ta a bayan bindiga daidai da bututu, ta tokare fuskar mai harbi, wanda dama yana sanye da abin kare ido. In an rataya ta a gaba, bakin bindiga ya rinjaya ƙasa. Dabarar da ta yi nasara ita ce a kafa mahaɗa a ƙarƙashin mariƙi, a murɗa kwalba a ciki tana kallon baya, a jawo ɗan tiyo daga mahaɗar zuwa cikin bindiga. Ta haka gindin kwalba ya zama shi ake jinginawa a kafaɗa, kamar ƙotar bindigar mafarauci. Amma kafaɗa da hannu ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Dogo yana son kwalba ta ja baya, gajere yana son ta matso. Ma'aunin da ƴan wasa ke koya wa juna shi ne mutum ya riƙe bindiga ya lanƙwasa hannu, gindin kwalba ya sauka daidai lanƙwasar gwiwar hannunsa.

Daga nan kasuwar sirdi ta buɗe. Akwai mai gangarowa, wanda ke sauko da kwalba ƙasa ya tura ta gaba, ta yadda nauyi zai dawo ƙarƙashin hannu, bindiga ta gajarta. Wannan ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1990 da farkon shekarun 2000, ƙananan maƙera suka riƙa sassaƙa shi da alminiyum, suna rina shi launi-launi, wani da siffar wuta, wani da siffar ƙashi. Aibinsa shi ne yana ƙara wa bindiga tsayi daga sama zuwa ƙasa, mai ɓuya a bayan shinge ya fi saurin bayyana. Da kwalabe suka gajarta suka yi sauƙi, sai aka koma ga wani siririn ƙarfe mai kwari wanda mahaɗa ke zamewa a kansa gaba ko baya, a ɗaure ta inda ake so. Akwai mahaɗa mai makunni, wadda ke rufe iska ta saki ragowar da ke cikin tiyo kafin a kwance kwalba, abin da ke hana zoben roba na bakin kwalba tsinkewa. Akwai kuma waɗanda ba su son nauyin sam: su goya kwalba a ƙugu, su jawo dogon tiyo mai naɗi zuwa bindiga, musamman masu wasa a daji yini guda.

Ni kaina sau ɗaya na taɓa riƙe wannan bindiga, lokacin da na je wani horo na aiki a Faransa, abokan karatu suka ja ni fili ranar hutu. Bindigar haya aka ba ni, kwalbarta doguwa, ni kuwa ba ni da tsawon hannu, sai na yini ina miƙa wuya kamar mai leƙen katanga. Mai kula da kayan, wani dattijo, ya lura, ya kwance ƙusoshi biyu, ya matso da mahaɗar gaba da kamar faɗin yatsu uku, nan take abin ya zauna mini. Da na ga sauƙin aikin, sai na nuna kan tagulla da ke bakin kwalbar na tambaye shi ko shi ma ana juya shi. Ya ce wannan ko shi ba ya taɓawa, sai an kai wa mai takardar aikin. A ranar na ɗauka tsananin bin doka ne irin na Turawa. Daga baya, da na karanta abin da ya faru a Amurka, na gane dalilinsa.

Ga yadda abin yake. A kwalbar kabon akwai murɗi biyu kusa da juna. Na farko shi ne tsakanin bawul da mahaɗar bindiga, wanda ake kwancewa kullum bayan wasa. Na biyu shi ne tsakanin bawul da jikin kwalba, wanda aka ɗaure tun daga masana'anta da niyyar kada ya motsa. In na biyu ya yi sako-sako, mai kwancewa yana juya kwalba yana zaton daga bindiga yake raba ta, alhali daga bawul ɗinta yake raba ta. Da zaren ƙarshe ya saki, kwalbar ta tashi kamar roka. A watan Yuni na 2003 irin wannan ya kashe wani yaro ɗan shekara 15 a jihar Washinton, a watan Fabrairu na 2004 kuma ya kashe wata mata a Kaliforniya wadda ko wasan ba ta yi, tana tsaye ne a gefe. A 2004 hukumar Amurka mai kula da lafiyar kayan masarufi ta fitar da gargaɗi: a ja layin fenti ya ratsa bawul da kwalba domin a gani da ido in sun fara rabuwa, kuma in an yi juyi huɗu kwalba ba ta fita daga bindiga ba, a tsaya, a kai wa gwani.

Me ke sa bawul ya yi sako-sako? Sau da yawa gyara ne. Kabon a cikin kwalba ruwa ne a ƙasa, iska a sama. In kwalba tana kwance, kamar yadda sirdin ƙarƙashin mariƙi ke kwantar da ita, ruwan na iya kwarara cikin bindiga, ya daskarar da zoben roba, ya sa gudun ƙwallo ya yi tsalle. Maganin da aka samo shi ne wani ɗan lanƙwasasshen bututu da ake sa wa a cikin kwalba, bakinsa na kallon sama, domin ya sha iska kaɗai. Amma sa shi sai an cire bawul an mayar, kuma hukumar ta ambaci wannan aiki cikin gargaɗinta. Watau son a gyara zaman kwalba ya kai wasu hannaye inda bai kamata su kai ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Abin da ya fi burge ni cikin tarihin nan shi ne cewa ƴancin da ƴan wasa ke da shi na zaɓen sirdi ya samu ne daga abin da ba su da ƴancin canzawa. Zaren bakin kwalba ma'auni ɗaya ne ga kusan dukan kamfanoni, saboda haka kwalbar wannan tana shiga mahaɗar wancan, ƙaramin maƙeri kuma yana iya ƙera kayansa da tabbacin za su hau bindigar kowa. Inda aka saɓa ma'auni, wahala ta biyo baya: tsofaffin bindigogin Spyder ramukan ƙusoshinsu a karkace suke, ba a jere kamar na saura ba, sai mai su ya nemi wani ƙarfe na tsakani kafin sirdin kasuwa ya hau. Haka nan kwalba tana da kwanan wata a jikinta. A Amurka yawancinsu ana gwada su da matsin ruwa duk shekara 5, masu zaren kabon kuma galibi shekara 15 ce iyakar rayuwarsu, ko da a ido suna sheƙi. Akwai kuma hani mai tsanani a kan ɗiga mai a ƙofar da ake hura iska, domin mai in ya gamu da iska mai irin wannan matsi yana iya kamawa da wuta.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwanmu da wasan ƴaƴan masu kuɗi na wata ƙasa? Amsata ita ce kwalba mai matsi ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Tukunyar gaz ta shiga madafa a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu walda suna aiki da manyan kwalaben iska a bakin titi, masu faci suna da tankinsu. Matsin tukunyar girki kaɗan ne in an gwada da na fentibol, amma abin da ke cikinta yana cin wuta, kuma ita ma wurin haɗarinta shi ne mahaɗa: kai, da zoben roba, da tiyo. Mu mutane ne masu dabara, maƙeranmu suna iya ƙera mazaunin tukunya ko maɗaurinta a kan babur wanda ya fi na kanti ƙarko, kuma wannan abin yabo ne. Amma hannun da ya iya mazauni, in ya ga zare bai shiga ba, yakan so ya tilasta shi, ko ya naɗa leda, ko ya ɗaure da roba. A nan ne dabara ke zama ganganci.

Saboda haka kirana ga ƴan kasuwa masu shigo da kawunan tukunya da tiyo shi ne su tambayi ma'aunin abin da suke saye kafin su tambayi kuɗinsa, domin araha ba ta ado, balle a wurin da wuta take. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, masu duba kaya a iyaka da masu sa hannu a takarda, su tuna cewa ma'auni ɗaya da kowa ke bi shi ne ke buɗe wa ƙaramin mai sana'a kasuwa, kamar yadda ya buɗe wa maƙeran sirdi a Amurka. Mai gida kuma ya ƙawata mazaunin tukunyarsa yadda ya so, amma in bakinta ya fara huci, ya rufe, ya fitar da ita waje, ya mayar wa masu ita.

Allah ya kiyashe mu da iyalanmu. Sai wani mako in Allah ya kai mu.