Heimaey: Tsibirin da Aka Tare Wuta da Ruwan Teku

Daga gaɓar kudancin ƙasar Aislan, jirgin fiton da ake kira Herjólfur yakan kai mutum tsibirin Heimaey cikin kusan minti 40. Tsibirin bai wuce murabba'in kilomita 13.4 ba, mutanensa kuwa sun ɗan haura 4,000, akasarinsu da kifi suke ci suke sha. Na sauka da jaka a baya da waya a hannu, cikinta akwai manhajar Geocaching.

Wasa ne na farautar ɓoyayyun akwatuna. Wani zai ɓoye ɗan akwati da takardar sa hannu a ciki, ya wallafa lambobin GPS na wurin a intanet, wasu su bi sawu su nemo. Ya samo asali a watan Mayu na 2000, bayan gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin sakon GPS da farar hula ke samu. Washegari wani mutum a jihar Oregon ya ɓoye bokiti a daji ya ce a nemo. Reshen wasan da ya kawo ni nan shi ne EarthCache, wanda aka fara a 2004 da hannun ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta Amurka. A wannan babu akwati. Lambobi za su kai ka gaban wani dutse ko rami, a yi maka tambayoyi a kansa, ba kuwa za ka iya amsawa ba sai ka tsaya a wurin da ƙafarka.

Wurin farko yana ƙarshen wani titi a gabashin gari. Kwalta na tafiya lafiya lau, gidaje dama da hagu da labule a tagoginsu, sai kawai titin ya ƙare a gindin wani baƙin tudu da ya fi rufin gidajen tsawo. Narkakken dutsen aman wutar 1973 ke nan, a inda ya tsaya. Na hau matakalar da aka kafa a jikinsa. A sama akwai alluna ɗauke da sunayen tituna da gidajen da ke binne a ƙarƙashin ƙafar mai tafiya.

Cikin daren 23 ga Janairu na 1973 ƙasa ta tsage a gefen gari, tsagin ya fi kilomita ɗaya da rabi, wuta ta yi ta feshi sama. Allah ya sa an yi guguwa kwana ɗaya kafin nan, jiragen masunta duk suna tasha ba su fita ba. Su suka kwashe mutane sama da 5,000 zuwa babban yanki kafin rana ta yi nisa. Aman wutar bai lafa ba sai farkon Yuli. Gidaje wajen 400 suka salwanta, mutum ɗaya ya rasu sakamakon shaƙar iska mai guba.

Da na gangara Skansinn, kusa da bakin tasha, na tarar da wani tsohon tankin ruwa na siminti wanda rabinsa ke tsaye, rabin kuma dutse ya murƙushe ya haɗiye. A nan ne labarin ya fi kama ni. Narkakken dutsen ya nufi mashigar tashar, in kuwa ya toshe ta, garin ya mutu ko da gidajensa sun tsira, don tsibirin masunta ba ya rayuwa ba tasha. Wani masanin kimiyya, Þorbjörn Sigurgeirsson, ya ba da shawarar a riƙa kwarara masa ruwan teku har gabansa ya daskare ya zama katanga. Da yawa sun ɗauki abin aikin banza. Aka fara da injinan kashe gobara, daga baya manyan injinan turo ruwa suka iso daga Amurka, ma'aikata suka shimfiɗa bututu a kan dutsen da cikinsa ke ci da wuta, tururi ya rufe su har ba sa ganin juna sosai. Ruwan da aka zuba ya kai tan miliyan 6. Tashar ta tsira, sabon dutsen ma ya zame mata kariya daga igiyar ruwa ta gabas. Har yau daga tashoshin Aislan irin wannan ake loda busasshen kifi da kawunan kifi zuwa kasuwannin Najeriya.

Hawan Eldfell, tudun da aman wutar ya haifa, bai da wuya duk da tsayinsa ya kai mita 200, sai dai iskar tsibirin ba ta da sauƙi. Tambayar da ke jirana a can ita ce launin dutsen da nauyinsa. Na durƙusa na ɗauki guda. Ja ne kamar garwashin da ya huce, jikinsa duk ƙananan ramuka, ga kaushi yana kama fatar yatsa, amma ba nauyi ko kaɗan. Ramukan gurbin iskar gas ne da ta kumbura cikin dutsen yana narke, ya daskare kafin ta gama fita. Jan kuwa tsatsa ce: ƙarfen da ke cikinsa ya haɗu da iska da tururi yana da zafi. Kusa da ƙoli na cusa hannu cikin wata tsaga, na ji ɗumi yana tasowa, bayan fiye da shekara 50. Mutanen garin ba su bar zafin nan ya tafi a banza ba. Shekaru da dama sun yi suna ɗumama gidajensu da tururin da suke jawowa daga cikinsa.

Na san masu cewa wasan nan yana mai da tafiya kallon waya. A akwatunan da ake ɓoyewa ƙarƙashin benci wataƙila suna da gaskiya. A nan kuwa wayar iyakarta ta kai ka wurin, sauran aikin na ido ne da tafin hannu. Baƙi da yawa sun wuce ni a kan tudun, sun ɗauki hoto sun sauka, ban ga wanda ya sunkuya ya taɓa ƙasa ba.

Gidan tarihi na Eldheimar, wanda aka buɗe a 2014 a kan wani gida da aka tono daga toka, na leƙa shi a gurguje, don hankalina na kan Heimaklettur, dutse mafi tsayi a tsibirin, mita 283, a ɗaya gefen tashar. Launin jikinsa ruwan ƙasa ne, shimfiɗa kan shimfiɗa, in ka goga yatsa sai ƙwayoyi su biyo ka. Wuta ce ta haife shi shi ma, amma a cikin ruwa. Narkakken dutse in ya haɗu da ruwa farfashewa yake ya zama toka mai gilashi, tokar ta taru, zafi da danshi su manne ta ta koma dutse.

An ga yadda hakan ke faruwa da ido a Surtsey, tsibirin da ake hangowa kudu maso yamma in sama ta washe. Ya ɓullo daga teku a Nuwamba 1963, ya yi ta aman wuta har 1967, kuma cikin 'yan shekaru masana suka tarar tokarsa ta fara ƙanƙarewa. Igiyar ruwa ta riga ta cinye kusan rabinsa, ana kuma sa ran wannan ƙanƙararriyar zuciyar ce za ta saura, kamar sauran ƙananan tsibiran da ke kewaye da Heimaey. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, kuma ban da masu bincike ba a barin kowa ya taka shi.