Daren Da Na Shiga Sinima Da Littafin Bashi A Hammata

A cikin shekarar 1965, ina ɗan saurayi, na kama aikin malamin sikeli wurin wani attajiri mai sayen gyaɗa a Kano. Wanda bai ga Kano a zamanin gyaɗa ba, da wuya ya gane irin wannan aiki. Da kaka ta yi sai a buɗe ciniki, manoma su yi ta kwararo gyaɗa bisa jakuna da raƙuma, mu kuwa mu auna, mu biya, mu ɗinke buhu, mu loda a mota. Buhu 13 ke tan guda. In an kawo Kano a jera buhunan a yi dala da su, ana cewa dala guda takan ci buhu kamar 15,000, su zauna suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko, tafiyar mil 700. Yau ko ɗaya babu. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su suka karya cinikin, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma.

Maigidana yana da sikeli a Ringim, da Gumel, da Malam Madori, har Nguru inda hanyar jirgi ta ƙare, watau kimanin mil 140 daga Kano. Ni ne mai zagaya su duka. Yau in kwana bisa buhu a tasha, gobe in kwana cikin mota mun maƙale a rairayi, jibi ga ni a Kano ina ba da lissafi, kafin in sha ruwa an ce in koma. Abincina rogo da ƙuliƙuli, salla kuwa yawancinta ta matafiyi ce. Ban daɗe da yin aure ba, amma a cikin wata uku na cinikin nan kwana huɗu kaɗai na yi a ɗakina. Ƙurar gyaɗa ta zauna mini a ƙirji, har in na yi tari sai ka ce tsoho.

Ban da sikeli, akwai wani aikin da ke hannuna, shi ne riƙon littafin bashi. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomi yakan zo ya karɓi fam biyu ko uku, ya dangwala yatsa, a kan zai biya da gyaɗa in kaka ta yi. Kuɗin zamanin nan fam ne da sule da kwabo, sule 20 ke fam guda, sai a 1973 Naira ta zo. To, akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da Malam Madori, littafi ya nuna ana binsa fam huɗu da sule goma. Ni kuwa na san bara ya biya fam biyu daga ciki, a hannuna ma ya biya, ran nan na bar littafin a Gumel, na ce in na koma na rubuta, na manta. Da na tuna na gaya wa maigidana, sai ya ce, "Yaro, ni ban san abin da ke cikin kanka ba, abin da ke cikin littafi na sani." Na yi shiru. Na kwashe fam huɗu da sule goma na zuba a sabon littafi yadda suke, na ce a raina ai ba ni na ci ba.

Ran nan cikin hunturu na iso Kano da la'asar, jirgin da zan koma da shi kuwa sai da safe. Direban da muka zo tare ya dube ni ya ce, "Malam, ka zama kamar gawa. Zo mu je sinima ka huta."

Na yi ta nawa. A gidanmu ba a ambaton sinima da alheri, wurin 'yan iska ake ce mata. Ko da yake tun 1937 aka gina Rex a wajen birni, da aka zo aka buɗe Palace a cikin ganuwa a 1952, malamai da dattawan gari ba su ji daɗi ba ko kusa. Ni abin da na sani shi ne majigi, irin wanda motar hukuma takan kawo ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle a nuna mana yadda ake haƙa masai da yadda ake feshin auduga, kyauta. Amma gajiya ta fi ƙarfin kunya. Gaskiyar magana, ba kallo ya kai ni ba, na ji an ce akwai benci, kuma har sa'a uku ba wanda zai kira ni in auna masa kome. Masaukinmu shago ne marar ƙofar kirki, sabo da haka na soke littafin bashi a hammata cikin riga, muka tafi.

Gidan da muka shiga ba shi da rufi, fili ne aka kewaye da katanga, ga wani dogon bango fari fat a gaba, taurari a sama. Masu hali suna baya bisa kujeru, mu muna gaba bisa benci. Masu tallan gyaɗa da rake da sigari suna ta ratsa mutane. Na dubi farantin gyaɗar nan na kau da kai. Da aka kashe fitilu na jingina da wani ginshiƙi na rufe ido, na ce sai an tashi.

Ihun mutane ya hana ni barci. Fim ɗin na Indiya ne, sunansa Mother India, wani mai suna Mehboob Khan ya shirya shi a 1957, wata mace kuma mai suna Nargis ta fito a uwar. Mutanen Labanan masu gidajen sinima su suka fara kawo irin waɗannan finafinai, Hausawa kuwa suka karɓe su hannu biyu. Ban san kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Amma Allah ya haɗa ni da wani tela a gefena, ya ce wannan ne kallonsa na bakwai. Shi ma ba ya jin harshen, duk da haka ya ɗauki aikin tafinta ba wanda ya sa shi, har yakan faɗi magana tun mai ita bai buɗe baki ba.

Ga yadda labarin yake. Wata tsohuwa ta ci bashin rupi 500 wurin wani mai ba da rance, Sukhilala, don ta yi wa ɗanta aure da wata yarinya, Radha. Da aka zo biya sai gardama ta tashi a kan sharaɗin da aka yi. Shi yana da littafi, su ba su iya karatu ba. Dattawan ƙauye suka ba shi gaskiya, aka yanke kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne kowace shekara, uwar kuɗi kuwa tana nan daram. Mijin ya tafi sharar wata gona mai duwatsu don su sami abin da za su ci, dutse ya danne masa hannuwa biyu, ya ga ya zama kaya, ya bar gida da dare bai sake dawowa ba. Ruwa ya zo ya ci garin. Matar nan ta saɓa garma a kafaɗa, ita da 'ya'yanta suna yin aikin da shanu ke yi.

Kai, ya mai karatu, da ka ga ƙaurin bencin nan da ka yi mamaki. Ga 'yan dako, ga masu tura kura, ga direbobi, mutanen da ko a jana'iza ba ka ganin hawayensu, sai ga su suna jan hanci. Abin da ya kama su, ina tsammani, ba baƙon abu ba ne. Shanun noma ne, da tulu a ka, da suruka, da kunyar miji, da damina mai gardama, duk irin na gida. Kuma kowane lokaci Sukhilala ya fito ya buɗe littafinsa, sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya: "Allah ya isa! Azzalumi! Allah ya tsine maka!" Wani ma ya jefi bangon da ɓawon rake.

Telan nan ya zungure ni ya ce, "Malam, ka ga mugun? Duk sharrin a littafin nan yake."

Na ce, "Na gani."

Sa'an nan na ji littafina yana tokarina a haƙarƙari. Ana sanyin hunturu, ni gumi nake yi. Na ƙara matse hammata, ina jin kamar in fitila ta kama kowa zai gane abin da na ɓoye. Na so in ce wa raina ni ba Sukhilala ba ne, ɗan aiki ne kurum, albashina ma bai taka kara ya karya ba. Amma na lura mutanen nan ba su tambayi kuɗin na wane ne ba, wanda ke riƙe da alƙalami suke zagi.

Ƙarshen fim ɗin ban so shi ba, har yau kuma ban so shi ba. Ɗanta Birju ya girma da ƙullin bashin nan a ciki, ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe Sukhilala, ya ɗauke 'yarsa ran bikinta. Uwar da ta sha wahalar duniya ta raine shi, ita ta ɗauki bindiga ta harbe shi don kada mutuncin 'yar mutane ya zube. Telan ya ce daidai ta yi. Direbana ya ce ba uwar da za ta iya. Suna wannan gardama har bakin titi, ni ban sa baki ba. Barcin da na biya kuɗi don in yi, ko a masauki ban same shi ba.

Da safe na shiga jirgi na sauka Malam Madori, na aika aka kira mini dattijon. Ya zo a tsorace, yana zaton biya za a ce ya yi. Na shimfiɗa masa buhu, na buɗe littafi na ce, "Baba, bara ka ba ni fam biyu ban rubuta ba. Laifina ne. Abin da ya rage a kanka fam biyu ne da sule goma." Na soke tsohon lissafi a gabansa na rubuta sabo. Maigidana kuwa da ya gani daga baya bai yi faɗa ba, sai ya cire fam biyun daga albashina.

Na zaci dattijon zai yi ta godiya. Sai ya dubi littafin, ya dube ni, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Ɗana, jiya bakinka ya ce huɗu, yau ya ce biyu. To, gobe fa?"

Ya juya ya aiki wani yaro kasuwa ya kira masa ɗan ƙanensa, wanda ya yi ajin Yaƙi da Jahilci ya sami takardar shaida. Mutumin ya zo da ƙurar gona a ƙafa, ya goge hannu a riga, ya karɓi littafin. Ya sa yatsa ƙarƙashin sunan baffansa yana bi harafi harafi, leɓunansa suna motsi. Motar Gumel ta cika, direba yana ta busa mini ƙaho. Dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce ya dakata tukuna, ana karatu.