Hannun da ya kwana biyu a ɓoye

Da wani ya ce mini wata rana zan zauna ina binciken tarihin rawar hip-hop, da dariya zan yi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jega, tsakanina da rawa sai kallo a gidan biki. Ɗan yayana ne ya ja ni ciki, yaro ɗan shekara 15.

Wata Asabar na je gida Maiyama, na lura yana cin tuwo da cokali a hannun hagu, na dama kuma yana cikin aljihu. Na ja shi zaure na ce ya fito da shi. Wuyan hannun ya kumbura sumtum. Idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce, "Gwaggo, don Allah kar ki hwaɗa ma Baba." Ashe shi da abokansa huɗu suna da ƙungiyar rawa, suna koyo daga waya a bayan wani kango. Ya tsaya da hannu ɗaya a kan siminti, hannun ya goce. Kwana biyu yana jin zogi bai faɗa wa kowa ba.

Ɓoyewar ta fi ba ni tsoro a kan karayar. A shekarunsa ƙashi bai gama girma ba, kuma kusa da wuyan hannu akwai wurin da ƙashin ke tsiro. In karaya ta taɓa nan aka bar ta, hannu na iya warkewa a karkace.

Dole na faɗa wa Yaya. Ya yi faɗa sosai, sannan ya ce a wuce Aliero wurin masu ɗori. Ban raina su ba, sunan da Aliero ta yi a ɗori ya kai na albasarta. Na dai roƙe shi a fara ɗaukar hoton ƙashi. Hoton ya nuna tsagewa, ƙashin bai goce ba, aka sa masa filasta na mako shida.

A makonnin nan yaron ya zama malamina, abin da ya faɗa kuma na bi na karanta. Rawar ta taso ne a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, cikin 'ya'yan talakawa baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico. Ranar 11 ga Agusta, 1973, wani matashi haifaffen Jamaika, DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a wani taro da ƙanwarsa ta shirya don ta sami kuɗin kayan komawa makaranta. Ya lura masu rawa sun fi son gaɓar da murya ke tsayawa ganga kaɗai ke tashi, sai ya riƙa maimaita ta da faifai biyu. Daga nan aka sami birekin, mai juyi a ƙasa da tsayuwa da hannu. A Los Angeles, Don Campbell ya ƙirƙiro lokin, inda mai rawa ke ƙamewa ɗif sannan ya ci gaba. A Fresno kuma Boogaloo Sam ya shahara da popin, wato ɗaure jijiya a sake ta da sauri kamar an ja mutum da lantarki. Ƙungiyar Rock Steady Crew, da aka kafa a 1977, ta taimaka wajen kai birekin duniya. A 2024 har gasar Olamfik ta Paris ya shiga, Phil Wizard na Kanada da Ami ta Japan suka ci zinare.

Da na ga bidiyonsu, sai na tuna 'yan koroso da alkafurarsu, na tuna yadda ake kewaye 'yan kokawa bayan kaka. Samari na son filin gwada ƙarfi tun kaka da kakanni. Bambancin shi ne ɗan kokawa yana da rairayi, yana da manya a kansa. Yaranmu kuwa siminti suka samu da waya.

Damuwar Yaya ma tana da tushe. Wasu waƙoƙin da ake rawar da su cike suke da batsa, kuma yaro na iya shagala ya bar salla da karatu. Sai muka yi yarjejeniya. Za su yi a tsakar gida kan rairayi, bayan an dawo Islamiyya, da kiɗan da babu zagi ko batsa. Juyi a kan kai kuwa na hana shi ɗungurungum, domin na yi jinyar masu raunin laka, na san wuya ba a yi masa gyara irin na hannu. Yaya bai ce yana so ba, ya dai ce, "To, a gaban idona."

Ke uwa, kai uba, ban ce ku bar 'ya'yanku su yi rawa ba, kowane gida da tsarinsa. Roƙona ɗaya ne. In yaro ya faɗi, kumburi ya ƙi sauka, ko yatsu suka yi sanyi, ko ya ce ba ya jin su, a kai shi asibiti a ranar. In wuya ne ya bugu, kada a ɗaga shi a ja, a tallafe kan yadda yake har a sami ma'aikatan lafiya. Faɗa kuma a ajiye shi sai an dawo.

An cire filastar watan jiya, hannun ya miƙe, alhamdu lillahi. Har yanzu ina tunanin kwana biyun nan. A gidanku, in ɗanku ya ji rauni a wurin abin da kuka hana shi, wa zai iya faɗa wa?