Ranar da bayan motar Baba ya zauna

Wannan makon ku yi mini haƙuri, labarin gidanmu zan ba ku, kuma kunyar da ke cikinsa tawa ce.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin lakwal ne. A 1991 ya sayi Peugeot 504 ta hannu, irin mai dogon baya da layin kujeru uku, wadda ake ce wa famiyal. Yakan ce da ya ƙara jinkirin shekara uku da bai taɓa mallakar mota ba, domin a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kayan Faransa suka ninka kuɗi, ga albashi kuma sai a yi watanni ba a gan shi ba. Da ya rasu motar ta faɗo hannuna, tare da aikin da yake yi da ita: kowane wata in je ƙauyenmu, arewa da Tasawa, in ɗauko Inna in kawo ta Maraɗi wajen likita saboda ciwon baya. Kusan kilomita 120 ne a kan kwalta, ta Cadawa da Agie da Gazawa, sannan a sauka a kama hanyar jar ƙasa.

Motar ta daɗe tana gaya mini ciwonta. Bayanta ya yi ƙasa ko ba kowa a ciki. Da dare direbobin da ke tahowa suna ta ƙyafta mini fitila, domin hancinta ya ɗaga sama, haskenta yana kashe musu ido. In muka faɗa rami sai in ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Maimakon in kai ta gyara, na ba wani yaro a bakin hanya jika ɗaya, ya yanka tsohuwar taya ya cusa gutsattsarin tsakanin zoben ƙarafan nan masu murɗiya da ke ɗauke da jikin mota, waɗanda makanikan Maraɗi ke ce wa resor, na Katsina kuma sifirin. Bayan ya ɗan tashi, na ce magana ta ƙare.

A ƙarshen damanar 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Maraɗi, ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu. Ran nan na ɗauko Inna da ƙanwarta da jikoki biyu, da buhu biyu na gero da rago. Ba mu yi nisa ba ƙafar hagu ta baya ta faɗa wani kwazazzabo, muka ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta karkace. Na waiwaya na ga Inna ta riƙe ƙugunta, hawaye na zuba, tana salati a hankali. Ko kalma ɗaya ta zargi ba ta faɗa mini ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku bayan haka Yaya ya tara mu, ya ce a sayar da motar a raba kuɗin, kafin ta kashe mana uwa. Ban iya musa masa ba. Na roƙi a ba ni mako biyu.

Na kai ta wajen wani dattijon makanike da ya tsufa a kan motocin haya na hanyar Maraɗi zuwa Katsina. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya zaro guntun tayar nan, ya miƙo mini.

“Ɗana, wa ya yi maka wannan?”

“Ni na sa aka yi, Baba.”

“To, kai ka karya shi. Ka hana zobe biyu motsi, sauran suka ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu.”

A nan na koyi abin da ban koya a lise ba. Resor shi ke ɗaukar nauyi, ya lanƙwashe in taya ta hau tudu, ya miƙe in ta faɗa rami. Shi kuwa amortiso aikinsa hana motar ci gaba da tsalle bayan haka. Mutane da yawa suna canza amortiso suna jiran bayan mota ya tashi, alhali resor ne ya gaji. Ita famiyal resor huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe, domin don kaya aka ƙera ta. Ɗaya ne ya karye mini, kuma ba don ɗan'uwansa ya riƙe ba da taya ta ci jikin motar.

Na tambaya ko za a yi masa walda. Ya ce wuta tana kashe ƙarfin irin wannan ƙarfe, wurin da aka liƙa nan zai sake karyewa. Haka nan masu kai wa maƙeri ya gasa shi ya ja ya ƙara tsawo, kwana kaɗan zai koma ya kwanta. Na ce to a canza wanda ya karye kawai, aljihuna ba nauyi.

“In ka sa sabo ɗaya cikin gajiyayyu uku, motar za ta tsaya a karkace, ta riƙa ja gefe in ka taka birki. Ko huɗu, ko ka kai ta wani wuri.”

Samun kayan bai yi wuya ba. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma tun 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, wadda ta yi shekaru tana fitar da ita, shi ya sa kayanta suka yi yawa a kasuwannin tsallaken iyaka. Wani direba ya kawo mana guda shida na hannu daga Kano. Dattijon ya jera su a kan siminti, ya ɗora katako a bisansu don ya ga tsawonsu, ya ƙirga zobe, ya auna kauri, ya bi kowanne da yatsa yana neman inda tsatsa ta yi rami. Ya zaɓi huɗu, ya mayar da biyu.

Ranar aikin na tsaya daga farko har ƙarshe. Sun tokare ƙafafun gaba, suka ɗaga motar, suka ɗora jikinta a kan turakun ƙarfe, domin ya hana yaransa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Suka tallafi pon, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, suka kwance notin amortiso na ƙasa, sannan suka riƙa sauke shi sannu sannu, yaro ɗaya idonsa na kan tiyon birki kada ya ja ya tsinke. Dattijon ya kore ni gefe. Ya ce resor da ke matse yana riƙe da nauyin mota, in ya kuɓuce zai iya fasa kan mutum. Sai da suka saki sarai aka fitar da su. Aka canza robobin mazauninsu, aka zaunar da bakin kowane resor a gurbinsa, aka ɗaga pon. Ba a yi ɗaurin ƙarshe ba sai da motar ta sauka ta tsaya da ƙafafunta. Amortiso ɗaya ma yana zubar da mai, aka canza biyun.

Abin ya ci mini fiye da rabin albashin wata. Wata na zagayowa na je na ɗauko Inna, wannan karon ba gero ba rago, na ba motar kasuwa su. Tsakanin Gazawa da Agie na duba madubi na ga ta jingina kanta tana barci. Yaya ya yarda a bar motar muddin Inna tana bukatarta, da sharaɗin duk wata uku dattijon ya duba ƙarƙashinta.

Ku ƴan kasuwa masu lodi har rufi, da ku ma'aikata masu jiran ƙarshen wata kafin ku je gareji, ku tsayar da motarku a wuri mai daidai, ba kaya, ku koma baya ku dube ta. In gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, ko tazarar da ke tsakanin taya da jiki ta ragu, kada ku nemi yaro mai guntun taya kamar yadda na yi. Allah ya kiyaye mana hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.